Jikin Baba Ya Motsa

Ni na ɗinka wa mahaifina likkafani. Ba da keke ba, da hannu na ɗinka shi, ina zaune a bakin zaure yayin da ake yi masa wanka a ciki. Ya rasu da hantsi, wata ranar damina, a shekarar da aka fara yaƙin basasa. Na zo gida taya noma ne a makon, ina gona aka aiko a kira ni, kuma kafin in iso rai ya riga ya yi halinsa, babu kowa a kansa sai Inna. Kafin a kira la'asar mun dawo daga maƙabarta da laka har gwiwa. Haka muke yi, kuma har gobe ban ga laifin hakan ba. A ranar babu wanda ya yi tunanin wata takarda, ni kaina ban san ana yi wa mutuwa takarda ba.

Gidanmu yana wata 'yar unguwar manoma a gefen Kurfi. Asalinmu Fulani ne, amma Fulatancin ya tsaya a kan kakanni. Abin da ya iso gare mu shi ne shanu 'yan ƙalilan, da dogon hanci, da kunya. Shanun sun ragu, kunyar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Mu biyu ne maza a wurin Inna. Ni tela ne, ina da rumfa a Dutsin-Ma. Yayana, wanda shi ne ɗanta na fari, soja ne a wani bariki a Kaduna. Ya shiga aikin tun ana zaman lafiya, lokacin da nake tsokanarsa cewa gwamnati na ciyar da shi ne don ya goge takalmi ya buga ƙafa a ƙasa.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai rantse Inna ba ta son Yaya. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba. In ya durƙusa gaishe ta sai ta kau da kai tana amsawa kamar da bango take magana. In dole ta kama ta ambace shi sai ta ce mutumin nan, da ya tafi soja kuma ya koma mutumin Kaduna. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kowace mace ta kirki a danginmu haka take yi, wadda ta kasa kuwa sai a yi da ita a bakin rijiya. Ni kuma auta, ni ake zagi, ni ake kira sau goma kafin rana ta faɗi, ni ake kankare wa ƙanzo. Na girma ina ganin ni ne ɗan so, har gori nake yi masa. Shi sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ci ƙanzonka."

Washegarin jana'iza Baffa, ƙanin Baba, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya tara mu a zaure kan maganar sanar da Yaya.

"Ba a aika ma mutum da mutuwar ubanshi kai tsaye," in ji shi. "Balle wanda ke riƙe da bindiga. A ce mishi jikin Baba ya motsa, shi zo. In ya iso ƙohwar gida ya ga tabarmi da mutane, shi da kanshi ya gane."

Babu wanda ya musa, don ba Baffa ya ƙirƙiro hakan ba. Tun kakanni haka ake yi wa na nesa, a ce ciwo ya tashi, don kada ya ruɗe a hanya. Yawanci wanda aka aika wa ma ya san karatun, tun a mota zai fara haɗiye kukansa. Abin da muka manta shi ne Baba ya daɗe da ciwon ƙirji mai tashi duk damina, kuma daminar da ta gabata mun aika wa Yaya da wannan saƙon, da gaske, ya baro aiki ya zo a guje ya tarar da Baba a gindin ɗorawa yana shan fura.

Akwai wani direban lori mutumin Kurfi da ke kai awaki da fatu Kaduna, shi muka ba saƙon, Baffa ya ja masa kunne kada ya ƙara ko kalma ɗaya. Da ya dawo sai ga shi da ƙunshi a hammata. Ya durƙusa ya kwance a tsakiyar zaure. Bargo ne irin na soja, mai kauri, launin toka, da kwalbar maganin tari a naɗe a ciki.

"Ya ce a gaida Baba da jiki," in ji direban, idonsa a ƙasa. "Ya ce a riƙa lulluɓa mishi wannan in an yi ruwa. Ya nemi izini sun hana. Wallahi Baffa na so in hwaɗa mishi, bakina ya yi nauyi, tunda kun ce kada in hwaɗi."

Direban ya yi dabara dai, kafin ya baro barikin ya ja wani kofur gefe ya tambaye shi. Kofur ya ce tun da aka fara yaƙi babu sojan da ubansa ba ya ciwo, don haka an daina ba da izini kan rashin lafiya, ko wayar tangaraho aka bugo ba a kallonta. Sai dai mutuwa, ita ma sai da takardar shaida daga ofishin lafiya, da hatimi a jiki.

Bargon nan ya daɗe a shimfiɗe a gabanmu babu wanda ya iya taɓa shi. Daga baya matata, wadda na bari a gida tana taya Inna zaman takaba, ta aiko aka miƙa mata shi ciki.

Na ce wa Baffa gobe zan koma Dutsin-Ma in nemo takardar. Ya dube ni kamar na zage shi.

"A rubuta mutuwar ɗan'uwana a takarda, kamar an saida saniya?"

Baffa mutum ne mai saurin hawa, amma yakan sauko in an ba shi lokaci. Da ya sauko sai ya kawo shawarar da ta fi tawa tsari, abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Ya ce a nemi takardar, amma ban da gaggawa. Izinin da za su ba shi ɗan kaɗan ne, in ya zo yanzu ya tarar da me? Gara a daidaita zuwansa da sadakar arba'in, a yi addu'a da shi, a raba gona yana zaune. Duk dattawan zauren suka gyaɗa kai.

Ni hankalina bai kwanta ba, sai na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, gwaggonnina biyu, 'yan'uwan Baba, suna gefenta. Na durƙusa na ce, "Inna, a yi sauri a kira Yaya, ko a bari sai arba'in?"

Ta juya ta fuskanci bango. "Mi zai zo shi yi? An riga an ruhe. Ku bar mutumin Kaduna da aikinsu."

Gwaggonnin suka ce madalla da wannan haƙuri. Ni kuma na fito da amsata a hannu, na ce wa kaina ai ga shi mai ɗan ma ba ta matsu ba.

Ofishin lafiya na En'e, wato hukumar gargajiya, a Dutsin-Ma ɗaki biyu ne na jar ƙasa da rufin kwano, da dogon benci a baranda, ko'ina warin maganin kashe ƙwari. Daga nan 'yan duba-gari ke fita da safe, da kakinsu da gajeren wando, kowanne da ludayi mai dogon hannu na leƙa randunan mutane. In mata suka hango su sai ka ji ana kifar da tukwane daga wannan gida zuwa wancan. Babbansu shi ne malamin lafiya, wani dattijo mai tabarau, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta zube. Na san shi, na taɓa yi masa ɗinki, kuma na ɗauka sanayyar za ta sa in fito da takarda kafin shayina ya huce.

Ya yi mini ta'aziyya sosai, sannan ya jawo alƙalami.

"Mi ya kashe shi?"

"Ajali, Malam."

"Na sani, tela. Kowa ajali ke kashe shi. Ajalin da mi ya zo?"

"Ƙirji."

"Ya taɓa zuwa ɗakin shan magani?"

Na kusa yin dariya. Baba da bai yarda da komai ba sai sassaƙe da rubutu, wanda ya ce allura ta dabbobi ce.

"To cikin ma'aikatanmu wa ya ga gawa?"

"Malam, kahin la'asar mun ruhe."

Ya ajiye alƙalamin ya cire tabarau. Ya ce shi ma Musulmi ne, haka zai so a yi masa, amma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Hanya ɗaya ce. Mai unguwarmu ya zo ya shaida cewa mutumin ya mutu an kuma binne shi, sannan wanda ya cika a hannunsa ya faɗi yadda ciwon ya ƙare, don a tabbata ba agana ba ce ko sanƙarau. Gaskiya ya faɗa, ba shi da laifin komai, amma na fito ina zaginsa a raina har na kai rumfa.

Mai unguwarmu aminin Baba ne, shi ma ya shiga kabari ya karɓe shi. Na ɗauka magana ɗaya za mu yi. Amma da jin na ce ofishin lafiya sai jikinsa ya yi sanyi. Wasu shekaru kafin nan ya taɓa kai rahoton wata mutuwa, sai ga 'yan duba-gari sun cika unguwa, suka leƙa kowace randa, suka yi wa babba da yaro lamba a dantse, suka ƙone shimfiɗar mamacin. An ce hakan ya tare cutar, wataƙila ma mu da muka rayu albarkacinsa ne, amma mutanen unguwa ba su taɓa yafe wa mai unguwa ba. Don haka bai ce mini a'a ba, mutanenmu ba sa cewa a'a.

"Gobe in Allah ya kai mu," in ji shi.

Gobe yana gona. Da na sake zuwa ya tafi suna. Da na sake zuwa ƙafa ta kumbura, ga ta nan an shafe ta da toka. Nakan taka keke daga Dutsin-Ma in zo in yi sallama in koma da gobe. Nakan yi fushi, amma fushin mai jin akwai sauran lokaci ne, don arba'in da saura. In na koma sai ɗinki ya ɗauke mini hankali. A teburin mai shayi da ke kusa da rumfata akwai rediyo, kullum ana faɗin yadda ake kwasar sojoji ana yin kudu da su. Ina ji ina taka keken ɗinki, ina gaya wa kaina ai Yaya a wurin ajiyar kaya yake aiki, ba irinsu ake kaiwa ba. Babu wanda ya gaya mini haka, ni na yanka wa kaina na ɗinka.

Malamin lafiyan da na zaga a raina shi ne ya warware maganar. Wata rana ya biyo ta gaban rumfata ya tsaya da kekensa.

"Tela, ina maganar takardarka? Na ga shiru."

Na gaya masa halin da ake ciki da mai unguwa, da kuma cewa wadda Baba ya cika a hannunta tana takaba, ba ta fita. Ya ce yana da zagaye a ɗakin shan magani na Kurfi cikin makon, in jira shi a can, zai biya gidanmu da kansa, shi kaɗai.

Da mai unguwa ya leƙo ya ga babu kaki babu ludayi, sai ƙafa ta warke. Ya fito da fara'a, ya ba da shaida cikin numfashi ɗaya, har da ƙarin abin da ba a tambaye shi ba. Sannan aka shimfiɗa wa Malam tabarma a bayan zanan da ya kare tsakar gida, Inna ta zauna ta ɗaya gefen, ba mai ganin wani. Ranar gwaggonnina sun tafi gidajensu, matata ce kawai tare da ita. Ni ina tsugune kusa da Malam.

Ya yi tambayoyinsa a hankali, tana amsawa a taƙaice. Tari ne da zazzaɓi. Babu ƙuraje. Wuya bai sanƙare ba. Ya nemi ruwa, ta ba shi, ya yi kalmar shahada. Malam ya gama rubutu ya rufe littafinsa, ya yi addu'a muka shafa, ya fara laluben takalmi. Sai muka ji muryarta.

"Malam."

"Na'am, Inna."

"Takardar ga, yau za a ba da ita?"

"Hatimi na Dutsin-Ma, Inna. Sai gobe."

"In an ba da ita gobe, tana kai Kaduna jibi?"

Malam ya dube ni. Ni kuwa zanan nake kallo. Matar da ban taɓa jin ta yi wa baƙon namiji magana ba in ba gaisuwa ba, ga ta tana tsayar da ma'aikacin En'e da tambaya.

"Masu kawo muna ruwa sun ce ana kwasar su ana kai su kudu," in ji ta.

A nan na gane abin da na yi ranar da na tambaye ta. A gaban 'yan'uwan mijinta na tambaye ta ko tana son ganin ɗanta na fari. Wace amsa za ta bayar? Da ta ce a yi sauri, da kafin magariba labari ya kai rijiya. Ta faɗi abin da aka koya mata tun tana budurwa, mu kuma da muka san al'adar sarai muka karɓa kamar ba mu san ta ba.

Bayan na raka Malam na dawo, matata ta yafito ni bayan rumbu. Ta buɗe wani gwangwani mai murfi, cike da dakuwa, an mulmula ta ƙanana yadda Yaya ke so, da yaji sosai.

"Tun ranar da direba ya tahi da saƙon hwarko take sa ni in soya gyaɗa, ita ta daka da kanta," in ji ta. "In ta kwana biyu ta hwara canza ƙamshi sai ta rabar, ta sake sabuwa. Bargon nan ma da shi take matashin kai."

"Mi ya hana ki gaya mani?"

"Ta ce in na hwaɗi ba ta yahe mani ba. Kuma kai ɗanta ne, na ɗauka ka sani."

Washegari tun kafin masinja ya gama share barandar ofis ina kan benci. Malam ya rubuta takardar da hannunsa mai kyau, ya hura wa hatimi iska ya danna, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce Allah ya jiƙansa. 'Yar takarda ce da ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ban nemi shawarar Baffa ba, ban kuma jira direbanmu ba. Na sa ta a aljihun ciki, na rungumi gwangwanin dakuwa, na hau lorin farko da na samu. Muka bi ta Funtuwa da Zariya, hanya duk ta jiƙe, muka kafe a laka muka sauka muka tura. Duk inda aka tsaya sai in taɓa ƙirjina in ji ko tana nan.

A ƙofar barikin aka haɗa ni da wani saje, mutum mai furfura a gefen kai. Ya karɓi takardar ya karanta har ƙasa, ya duba hatimin, ya tambayi lambar Yaya na faɗa masa. Ya shiga ciki ya jima.

"Takardarka ba ta da matsala," ya ce da ya fito. "Da ta iso da wuri da mun sake shi. Sun tashi cikin makon nan, jirgin ƙasa ya kwashe su."

Na tambaye shi ina. Ya ce ko ya sani ba zai faɗa ba. Ya ce in bar takardar, za a sa ta cikin wasiƙun da ke bin su, in Allah ya sa ta same shi. Na miƙa masa gwangwanin, ya girgiza kai ya ce abinci ba ya bin wannan hanyar. Na tsallaka titi na zauna a gindin wata bishiya ina kallon ƙofar, motoci na shiga suna fita. Ban san iya zaman da na yi ba. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba ranar da muka binne Baba.

Na iso gida ana jajibirin arba'in. Tsakar gida cike da mata, ana dakan gumba, gwaggonnina suna ba da umarni. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta. Ta ga na shigo, ta dubi gwangwanin da ke hannuna, sannan ta dubi bayana, ta ci gaba da duban bayana kamar zauren zai sake fito da wani. Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, da sigar tambaya, a gaban kowa. Taɓarya ta tsaya. Ko a ranar ko bayanta, ban ji an kai maganar rijiya ba. Na ce, "Sun tashi, Inna." Ta karɓi gwangwanin ta shiga ɗaki.

Aka yi sadaka babu shi. Baffa ya hana a raba gonar, ya ce sai Yaya ya dawo, ya kuwa yi ta noma masa kasonsa yana zuba hatsin a rumbu daban. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ce masa ba. Amma duk ranar da lori ya tsaya a bakin hanya sai ka ga Baffa ya miƙe da sandarsa kamar mai zuwa duba shanu.

Sau ɗaya muka ji daga Yaya. Bayan kaka wani soja da aka sallamo da rauni a ƙafa, mutumin wajen Safana, ya biyo ta rumfata da saƙon baki. Ya ce yana lafiya, yana gaida kowa, a gaida Baba da jiki, yana tambaya ko bargon ya yi amfani. Ashe takardar ba ta same shi ba. A ranar na sa aka rubuta masa wasiƙa, na ce a rubuta ƙarara, Baba ya rasu tun damina. Na kai gidan waya da kaina. Ko ta isa, ko ba ta isa ba, Allah kaɗai ya sani.

Tasa takardar mutuwar ba mu nema ba, ita ta zo ta same mu. Ta biyo ta ofishin hakimi, mai unguwa ya kawo ta, wannan karon ba tare da gobe ba. Sojoji ba su san jiki ya motsa ba, sun rubuta abin da ya faru a layi biyu. Aka karanta mana, ni da Baffa, a zaure. Baffa ya tashi ya ce shi zai gaya mata. Na bi shi. Ya tsaya a bakin ƙofarta ya gyara murya.

"An aiko daga wajen mutumin Kaduna. An ce ya ɗan ji rauni, jikin nashi..."

"Baffan yara," in ji ta. "Hwaɗi gaskiya."

Ya faɗa. Ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙansa, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da mutane suka ragu ta kira ni ta tambaye ni ko wasiƙar ta kai gare shi. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ashe har ya tahi yana roƙa ma babanshi sauƙi."

Na yi shekaru ina juya wannan magana. Ba ni da tabbacin cewa da ya zo da ya tsira, izinin 'yan kwanaki ne, da ya koma an kwashe shi kamar sauran. Ba wannan ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne da ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar nan, ta kau da kai ta amsa wa bango, ya tsaya a kan kabarin ubansa, ya koma da gwangwaninsa. Iyakar abin da take so ke nan, kuma ba abu ne mai wuya ba. Duk cikinmu babu mugu. Baffa tausayi ya ji, mai unguwa tsoro, direba biyayya, ni kuma na yarda da abin da kunnena ya ji don ya fi mini sauƙi.

Inna ba ta daɗe ba bayan haka. Ba wani ciwo na a zo a gani ba, ta dai yi ta raguwa. Wannan karon na ɗauko malamin ɗakin shan magani ya duba ta, ba ta hana ba. Ranar da na ga ƙarshenta ya matso ina zaune kusa da ita da yamma, tana lulluɓe da bargon nan duk da ana zafi. Ta kira sunana, yadda ta saba, kamar za ta aike ni.

"In na mutu, kada ka aika ma kowa cewa jikina ya motsa. Ka ce na mutu."

Na ce to, Inna.

Haka na yi. Duk wanda na aika wa, na kusa da na nesa, cewa na yi a gaya masa ta rasu, Baffa yana ji bai hana ba. Muna dawowa daga maƙabarta ban zauna karɓar gaisuwa ba, na ja mai unguwa na ɗora shi a bayan keke muka nufi Dutsin-Ma, muka tarar ana shirin rufe ofis. Malam ya ƙara tsufa, amma ya gane ni. Bai yi dogon bincike ba tunda ma'aikacinsu ya ga marar lafiyar. Ya rubuta, ya hura wa hatimi iska ya danna, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wa za a aika mawa, tela?"

Na tsaya da takardar a hannu ina lalube a raina, daga Kurfi har Kaduna. Malam ya jira, sannan ya sunkuyar da kai ya shiga gyara alƙalumansa. Na ninke ta na sa a aljihun ciki, muka hau keke muka koma gida.